Jel ɗin istrojin: abin da aka ƙara a takardar gargaɗi da yadda ya shafe ki

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato jel ɗin istrojin da ake rubuta wa mata bayan ɗaukewar al'ada domin rage zafin da ke taso musu kwatsam, da gumin dare, da rashin barci. Likitan mata da masanin magunguna na wannan fili ne suka haɗu suka amsa.

Assalamu alaikum Likita. Shekarata 53, kuma shekara uku ke nan ina shafa Oestrogel. Da na buɗe sabon kwali sai na ga takardar ciki ta fi ta dā tsawo, har da wani sashe a kan yara wanda ban san da shi ba. Maganin aka canza, ko wata illa aka gano aka ɓoye mana?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Maganin yana nan yadda kika san shi. Kowane matsi ɗaya na famfon yana fitar da giram 1.25 na jel, a cikinsa akwai miligiram 0.75 na estradiyol, wato irin istrojin ɗin da ƙwan mace ke samarwa kafin al'ada ta ɗauke. Sanin da ake da shi a kansa ne ya ƙaru.

Kafin a ba magani lasisi, mutane ƙalilan ake gwada shi a kansu, na ɗan lokaci. Sai ya shiga hannun miliyoyi sannan abubuwan da ba kasafai suke faruwa ba su fara bayyana. Likitoci da masu shan maganin suna kai rahoto, a Birtaniya ta tsarin katin rawaya na hukumar kula da magunguna ta MHRA, a Amurka ta tsarin MedWatch na hukumar FDA. Su ma kamfanonin dole ne su riƙa miƙa rahoton lafiyar maganinsu lokaci lokaci. In rahotanni suka nuna abu iri ɗaya, sai hukuma ta umarci a gyara takarda. A ƙarshen takardar, can ƙasa da ƙananan haruffa, za ki ga wata da shekarar da aka yi mata gyaran ƙarshe. Mutane ba su cika duba wurin ba, alhali shi ne ke gaya miki ko akwai sabon abu.

Manyan abubuwan da suka shiga a 'yan shekarun nan uku ne: yiwuwar jel ya tashi daga fatarki ya shiga jikin yaro, sababbin alƙaluman sankarar mama, da gargaɗi ga masu cutar kumburin fuska da leɓe da maƙogwaro, ta gado ko wadda aka samu daga baya, domin istrojin na iya tayar da ita.

Likita, jikata 'yar shekara huɗu a wurina take kwana, kuma ba ta barci sai ta ɗora kanta a damtsena. A damtsen nake shafa jel da daddare. Tun da na karanta gargaɗin hankalina bai kwanta ba.

Iya, kin yi daidai da kika tambaya, kuma gyaran mai sauƙi ne. Amma bari mu fara da dalili.

In kin shafa jel, barasar da ke cikinsa tana bushewa cikin mintuna kaɗan, sai ki ji wurin ya bushe. Estradiyol ɗin kuwa ba duka ya shige nan take ba. Wani kaso yana zaune a saman fata yana shiga a hankali, kuma duk fatar da ta manne da wurin za ta iya ɗiba. Jikin yarinya ƙarama kusan babu istrojin a cikinsa, ga shi nauyinta bai taka kara ya karya ba, don haka abin da ba zai motsa babba ba yana iya motsa ta, musamman in kullum ake maimaitawa. Taɓawa sau ɗaya bisa kuskure ba ita ce abin tsoro ba. Kwanciya a wurin dare bayan dare ita ce.

Tun a 2010 hukumar FDA ta yi gargaɗi a kan Evamist, wani istrojin na feshi, bayan rahotannin yara 'yan shekara uku zuwa biyar da suka nuna alamun balaga kafin lokaci. Daga baya irin wannan gargaɗi ya shiga takardun jel. Abin da aka gani shi ne nono ya fara tasowa ko ƙululu a ƙarƙashin kan nono, a 'yan mata da yara maza duka. A mafi yawan lokuta alamun sun koma da kansu bayan an raba yaron da jel. In aka bari abin ya daɗe kuwa, istrojin yana iya rufe wuraren da ƙashi ke tsawo da wuri, yaro ya yi saurin girma da farko sannan ya tsaya bai kai tsayinsa ba.

Ki mayar da shafawar cikin cinya, wurin da tufafi ke rufewa, ki kuma mayar da lokacin safe bayan wanka maimakon dare. Da kin gama ki wanke hannu da sabulu, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, kafin ki taɓa ta ko abincinta. Ki jira aƙalla minti biyar wurin ya bushe, sannan ki sa tufafi. In ta taɓa wurin da fatarta, a wanke mata da ruwa da sabulu nan da nan. Kwalbar kuma a ɗaga ta inda hannunta ba ya kaiwa, a goge bakin famfon, a rufe murfin.

Yanzu ki duba ƙirjinta lokacin wanka. In kin ji tauri kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin kan nono, ko wurin ya kumbura ko yana mata zafi, ko kin ga gashi ko jini a gabanta, ku je wurin likitan yara, kuma ki tafi da kwalin jel ɗin. Ki faɗa masa da bakinki cewa kina shafa istrojin. Likita ba zai yi tunanin maganin kaka ba sai an gaya masa, kuma rashin faɗin kan jawo a yi wa yaro gwaje-gwaje masu yawa ana neman abin da ke kan teburin ɗaki.

Wannan doka ta shafi maigida ma: a bar sa'a ɗaya kafin fata ta haɗu da wurin. Masu kyanwa ko ƙaramin kare su hana su lasar wurin, domin an ga kumburin nono da na gaba a dabbobin da suka yi haka.

Likita, an fara ni da matsi biyu kullum, amma wata biyu ke nan gumin dare bai ragu ba. In ƙara da kaina?

Kar ki yi gaban kanki, 'yar'uwa. Sau da yawa ba adadin ne ya gaza ba, shafawar ce. Ki duba waɗannan.

Sabuwar kwalba sai an fara matsa ta har jel ya fito, kuma fitowar farko ba cikakkiya ba ce, zubar da ita ake yi. Kowane matsi sai an danna har ƙasa, a saki ya dawo sama gaba ɗaya, sannan a sake. Rabin dannawa rabin magani ne. Kwalbar giram 80 tana ba da cikakken matsi 64, wato kwana 32 ga mai matsi biyu. Bayan nan ko da kin ji saura a ciki, abin da ke fitowa ba a auna yake ba. Ki rubuta ranar da kika buɗe a jikin kwalbar.

Sai faɗin wuri. Oestrogel yana son fili, aƙalla murabba'in santimita 750, misali matsi ɗaya a bayan kowane hannu daga kafaɗa zuwa ƙasa, ko ɗaya a cikin kowace cinya. A shimfiɗa shi siriri a kan fata mai tsabta, busasshiya, marar rauni ko ƙuraje. Ba sai an murza kamar ana tausa ba. Ba a sa shi a nono, ba a sa shi a gaba, ba a sa shi a fuska. Sandrena, wanda ke zuwa a 'yan fakiti na miligiram 0.5 da miligiram 1, dokarsa daban ce: wuri kamar tafin hannu ɗaya zuwa biyu a cinya ko ƙasan jiki, yau dama gobe hagu. Wadda aka sauya mata daga wannan zuwa wancan ta ci gaba da tsohuwar shafawarta, ita ce ke dawowa tana cewa sabon ba ya aiki.

Ruwa da mai su ne suka fi ɓata lissafi. Kada a wanke wurin sai bayan sa'a ɗaya aƙalla, shi ya sa shafawa bayan wanka ta fi. Man shafawa kuma yana canza yadda maganin ke shiga. A gwajin da ke cikin takardar EstroGel ta Amurka, shafa mai a wurin sa'a ɗaya bayan jel ya ƙara yawan estradiyol a jini da kashi 38 cikin ɗari, man kare rana kuma ya rage shi da kashi 16. Mafi sauƙi ki ware wa jel wurinsa, mai ya tsaya a sauran jiki. Kuma tunda akwai barasa a ciki, a nisanci wuta da sigari har ya bushe.

In kin manta, ki ƙirga. In saura fiye da sa'a 12 kafin lokacin na gaba, ki shafa. In bai kai ba, ki bar shi ya wuce. Ba a ninkawa.

In duk wannan daidai kike yi, ki kai wata uku sannan ki koma. Likita na iya ƙarawa har matsi huɗu, wanda shi ne iyakar da aka ba wa lasisi, ko ya auna jininki, domin akwai matan da fatarsu ba ta ɗaukar jel sosai, sai a koma da su filasta ko feshi.

Ranka ya daɗe, tare da jel an ba ni ƙwayar Utrogestan, amma tana sa ni jiri da kasala. Na daina ta wata biyar da suka wuce, jel kawai nake shafawa kuma ina jin daɗin jikina. Da matsala?

Da matsala babba, Hajiya, kuma a duk wasiƙun nan taki ce muke so a fara aiki da amsarta a wannan makon.

Istrojin yana sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi kauri. Lokacin da kike al'ada, wani sinadari na jiki, furojestaron, ne ke tsayar da kaurin, sannan shimfiɗar ta zube duk wata. In aka ba da istrojin shi kaɗai ga mace mai mahaifa, shimfiɗar sai ta yi ta kauri ba mai tsayar da ita, ƙwayoyinta su fara sauya kama, daga nan wasu su zama sankara. Takardar maganin ta ce haɗarin sankarar mahaifa yana ninkuwa sau 2 zuwa 12, gwargwadon adadi da tsawon lokaci, kuma yana iya zama a sama shekaru bayan an daina. Jel ba shi da wani rangwame a nan. Ta fata ya shiga ko ta baki, jini ɗaya yake bi ya isa mahaifa. Mata da yawa suna ɗaukarsa man shafawa saboda kamarsa, su ɗauki ƙwayar a matsayin ƙari, alhali ƙwayar ce garkuwar.

Ƙa'idar ita ce furojestojin, wato maganin da ke yin aikin furojestaron kamar Utrogestan, na aƙalla kwana 12 a kowane kwana 28, ko kuma kullum ba yankewa. Da Utrogestan, yawanci miligiram 200 ne da daddare na kwana 12 ga wadda al'adarta ba ta gama ɗaukewa ba, ko miligiram 100 kowane dare ga wadda ta shekara ba ta gani ba. In an ɗaga jel zuwa babban adadi, likita kan duba ko ita ma ƙwayar tana bukatar ƙari.

Jirin da kike ji sananne ne, kuma yakan fi tsanani in an sha da rana ko tare da abinci, domin abinci yana ƙara shigarta jini. Ana shanta ne lokacin kwanciya, ciki ba a cike ba. In duk da haka ba ki jure ba, akwai wasu hanyoyin: wani nau'in furojestojin, ko na'urar da ake sakawa cikin mahaifa mai sakin miligiram 52 na lebonojestirel a hankali, wadda ke kare shimfiɗar na shekaru. Ki koma ki faɗi gaskiyar wata biyar ɗin, kada ki rage. Mai yiwuwa a yi miki hoton mahaifa a auna kaurin shimfiɗar, musamman in kin ga ko ɗigon jini.

Wadda aka cire wa mahaifa gaba ɗaya ita ce ke iya shafa jel shi kaɗai. Ko ita, in dalilin cirewar shi ne cutar da ƙwayoyin shimfiɗar mahaifa ke tsirowa a waje, sai likita ya duba.

Game da jini: ɗan zubar da ba a tsara ba abu ne da aka saba gani a watanni shida na farko. Wanda ya wuce haka, ko ya fara bayan an daɗe lafiya, ko ya yi yawa, ko ya zo bayan saduwa, sai an bincika.

Likita, na ji an ce Amurka ta cire gargaɗin sankarar mama daga waɗannan magunguna, amma takardata tana nan da shi. Wa zan bi?

Labarin yana da asali, sai dai an gutsure shi. A 2002 aka dakatar da wani ɓangare na babban binciken lafiyar mata na Amurka da ake kira WHI, wanda ya ƙunshi mata 16,608, bayan an ga ƙarin sankarar mama da gudajin jini da shanyewar ɓarin jiki. A 2003 aka sa baƙin akwatin gargaɗi a kan magungunan istrojin. Matan binciken matsakaicin shekarunsu 63 ne, kuma ƙwayoyin baki suka sha, ba jel ba, shi ya sa likitoci da dama suka daɗe suna cewa an yi wa 'yar shekara 50 hukunci da sakamakon wadda ta girme ta. A Nuwamban 2025 FDA ta sanar da fara cire maganar zuciya da sankarar mama da gigin tsufa daga cikin akwatin. Gargaɗin sankarar mahaifa ga istrojin shi kaɗai ta bar shi. Cirewa daga akwati ba ya nufin haɗarin ya zama sifili, kuma kowace ƙasa da hukumarta.

Alƙaluman da ke takardarki sun samo asali ne daga babban nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2019, wanda MHRA ta yi sanarwa a kansa a watan Agusta na shekarar, hukumar magunguna ta Turai kuma ta sa aka gyara takardu a 2020. A cikin mata 1,000 masu matsakaicin nauyi da ba su taɓa shan homon ba, wato istrojin ko furojestojin, kimanin 63 za su kamu da sankarar mama tsakanin shekara 50 da 69. In sun fara a shekara 50 suka yi shekara biyar a kai, adadin ya zama 68 ga masu istrojin kaɗai, 77 ga masu furojestojin na wasu kwanaki a wata, 83 ga masu shansa kullum. Shekara goma tana kusan ninka ƙarin. Sabon abin da nazarin ya kawo shi ne wani kaso na haɗarin yana wanzuwa fiye da shekara goma bayan an daina. Bai kuma nuna cewa shiga ta fata ya fi ta baki sauƙi a wannan fannin ba.

A ganinmu, ga macen da ba ta kai 60 ba, wadda alamun suka hana ta barci da aiki, kuma ba ta da tarihin sankarar mama, amfanin yakan rinjayi haɗarin. Amma lissafi ne da ake sakewa duk shekara, ba sau ɗaya ba. Ki riƙa duba nononki, kuma in za a yi miki hoton mama ki faɗa musu kina kan homon, domin yana ƙara wa nono kauri a hoto har ƙaramin ƙari ya yi wuyar gani. Wadda al'adarta ta ɗauke kafin shekara 40 lissafinta daban ne, ita ana so ta ci gaba aƙalla har ta kai shekarun da al'ada ke ɗaukewa, saboda ƙashi da zuciya.

Ina da ƙiba, kuma za a yi mini aikin gwiwa. Takarda ta ce gudajin jini. In daina?

A nan ne jel ya fi ƙwaya. Istrojin na baki yana fara bi ta hanta, ya sa ta ƙara samar da sinadaran daskarar da jini. Na fata yana shiga jini kai tsaye, kuma a adadin da aka saba bayarwa ba a ga ya ƙara haɗarin gudaji ba. Shi ya sa hukumar NICE, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin jiyya a Ingila, ta ce a duba ba da na fata ga wadda ma'aunin ƙibarta ya haura 30. Takardar tana maganar dakatarwa mako huɗu zuwa shida kafin aikin da zai kwantar da mutum, likitoci da yawa kuma suna barin mai jel ta ci gaba tare da allurar hana gudaji. Likitan aikin ne zai yanke, ki gaya masa tun ranar da aka sa miki rana. In kin taɓa yin gudaji a ƙafa ko huhu, ko akwai cutar daskarewar jini a danginku, wannan sai ƙwararre.

Ina shan lamotirijin saboda farfaɗiya. Kuma shin jel yana hana ɗaukar ciki? Shekarata 47.

Istrojin na iya rage lamotirijin a jini har farfaɗiya ta dawo, don haka likitan ƙwaƙwalwarki ya sani kafin ki fara, da duk lokacin da aka canza adadi ko aka daina. A ɗaya ɓangaren, kabamazafin da fenitoyin da rifamfisin na tarin fuka suna sa hanta ta yi saurin kawar da homon, kuma abin ya fi taɓa ƙwayar furojestojin da ke kare mahaifa.

Jel ba ya hana ciki. Wadda ba ta kai 50 ba ta ci gaba da tsarin iyali har shekara biyu bayan al'adar ƙarshe, wadda ta haura 50 shekara ɗaya. Tunda homon yana ɓoye lokacin da al'ada ta ɗauke, da yawa sukan ci gaba har 55.

Ki daina shafawa ki nemi likita a ranar in idonki ko fatarki ta yi ɗorawa irin ta shawara, ko hawan jini ya tashi sosai, ko sabon ciwon kai na ɓari ɗaya ya kama ki a karon farko, ko kin samu ciki. Kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, karkacewar baki ko mutuwar hannu, kumburin leɓe ko harshe, waɗannan na sashen gaggawa ne, kuma a tafi da kwalin.